Birni Ya Ci Gona: Ina Tana da Gara Suka Tafi?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurarenmu, na gida da na kasuwa, da direban da ke kan hanya, da manomin da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya, ina ruwa? Na san amsar da za ku ba ni: ruwa ya yi gyara. A gona kam haka ne. Amma a unguwanni da yawa na birnin Kano, da zarar hadari ya haɗo a watan Agusta, gaban masu gida faɗuwa yake yi. Ruwan rabin sa'a sai ya mayar da layi kogi, ya shiga zaure, ya jiƙa katifa, wani lokacin ma ya kwantar da katanga. Gari na wayewa kowa ya ce ai kwatoci ne suka toshe. Gaskiya ne, sun toshe. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Me ya sa ruwan nan duka ya koma dogaro da kwata? A da ina yake tafiya?

Ƙasa ce take shanye shi. Ita kuwa ƙasa ba haka kawai take shan ruwa ba, akwai masu huda ta, masu buɗa mata ƙofofi dare da rana ba tare da an biya su ko sisi ba. A kansu za mu yi magana yau: tana, gara, tururuwa, buzuzu, ƙadandoniya, gyare, da dubban ƙananan halittun da ido ba ya gani. Za mu duba abin da ke samun su idan birni ya ci gona, da halin da ƙasar ke shiga bayan sun tafi. Da Kano za mu yi misali, amma mai saurarenmu a Zariya ko Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, zai ga unguwarsu a cikin zancen.

(Kiɗa)

Yawancinmu mun ɗauki ƙasa matacciyar aba ce, turɓaya ce kawai da ake takawa. Masana kimiyyar ƙasa kuwa sun ce lafiyayyiyar ƙasa kusan rabinta ƙofofi ne, iska da ruwa ke zaune a ciki, kamar dai soso. Ragowar rabin shi ne yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye. A cikin cokali guda na irin wannan ƙasa, ƙananan halittun da ke raye sun fi mutanen duniya yawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke zaune, sannan wani bincike da aka fitar a 2023 ya kai lissafin zuwa kusan kashi 59. Ita dai wannan hukuma ta ce kashi 95 cikin 100 na abincin da muke ci daga ƙasa yake fitowa, kuma kafin a sami sabuwar ƙasar noma mai kaurin santimita 2 zuwa 3, ana iya shafe shekara 1,000. Ku riƙe wannan lissafi na ƙarshe, domin za mu zo inda katafila ke kankare ta a wuni guda.

A ƙasashen Turai, idan ana zancen ƙwarin da ke gyara ƙasa, tana ce sarauniya. Charles Darwin ma littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, a kan tana ya rubuta shi. Tana tana haɗiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta fitar da su ta baya sun zama taki mai laushi, ramin da ta bari kuma ya zama hanyar ruwa da saiwa. Amma da fatar jikinta take numfashi, don haka sai da danshi take rayuwa. Shi ya sa a wajenmu a fadama da lambu da gindin randa aka fi ganin ta. A jigawa, inda rani ke daɗewa wata bakwai ko fiye, babban ma'aikacin ƙasa gara ce.

Na san wani zai ce, haba Malam, gara? Wadda ta cinye mini azara, ta cinye littattafan da na gada? Ban musa ba, gara tana ɓarna. Amma gara iri-iri ce. A duniya an san kusan iri 3,000, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga gida su yi ta'adi. Saura suna can daji da gona suna wani aikin.

Ka je gona da rani ka duba karan dawa da aka bari a kwance. Za ka ga an lulluɓe shi da wani siririn rufi na jar ƙasa. Ɗaga shi a hankali. A ƙarƙashi za ka tarar da su, farare, suna ta kai da kawowa, karan ya zama ɓawo kawai. Ka share wurin da tafin hannunka, za ka ga ƙananan ƙofofi sun nutsa cikin ƙasa. Wannan jar ƙasar da suka yi rufi da ita daga can ƙasa suka hauro da ita, ƙwaya-ƙwaya a baki, laka ce da yashin sama ba shi da ita. Karan kuma sun tafi da shi ƙasa. Manyan nan masu gina suri har noma suke yi a ciki: suna tauna kara da ganye su jera, wani irin naman gwari ya tsiro a kai ya narkar musu da shi, sannan su ci. Idan ruwan farko ya sauka, ta waɗannan ƙofofi yake bi ya nutse. Tsofaffin manoma sun san dalilin da ya sa dawar da ke kusa da tsohon suri take fin sauran tsayi da duhun ganye.

'Yan'uwanmu na Nijar sun mayar da wannan sani sana'a. A yankin Tawa, musamman wajen Illela, manoma suna farfaɗo da fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ke zamewa a kanta, ta hanyar haƙa tassa. Ƙananan ramuka ne ake haƙawa da rani, a zuba ɗan taki a kowanne. Takin ya jawo gara, gara ta huda fakon ta ko'ina, ruwa ya sami hanya, gero ya tsaya inda a da ko ciyawa ba ta fita. A Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo da irin wannan dabara ya mayar da ƙeƙasasshiyar ƙasa kurmi, har duniya ta karrama shi da babbar lambar yabo a 2018. Wato abin da muke zuba wa guba a birni, shi wasu ke gayyata da taki.

Buzuzu kuma fa, wanda yara ke yi wa dariya yana mirgina kashin shanu da ƙafafun baya? Ƙasar Ostireliya ta san darajarsa. Turawa sun kai shanu can, amma buzuzun ƙasar bai saba da kashin shanu ba. Kashi ya yi ta taruwa a makiyaya yana hana ciyawa fita, ƙudaje suka addabi mutane. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai da gwamnati ta kashe kuɗi aka riƙa ɗauko buzuzu daga Afirka da kudancin Turai ana saki. Shi aikinsa binne kashi, ya kai taki gindin saiwa, ya hana ƙuda wurin yin ƙwai. Tururuwa tana tono, tana jan tsaba da gawar ƙwari zuwa ƙasa. Ƙadandoniya tana daddatsa busasshen ganye don ƙananan su iya ci. Kowa da fanninsa, kuma aikin wani ba ya yiwuwa sai wani ya gama nasa.

(Kiɗa)

To, mu dawo Kano. Kada wani ya ɗauka birni da ƙasa abokan gaba ne tun asali. Kano ta daɗe tana birni, an fara ginin ganuwarta tun zamanin Sarki Gijimasu, shekaru kusan 900 da suka wuce. Amma lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000, kuma ya lura gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Saura gonaki ne da lambuna. Gidajen na ƙasa ne. An haƙo ƙasar daga kududdufi, kududdufin ya zama matattarar ruwan unguwa, gidan kuma in ya tsufa ya rushe, ƙasa ta koma ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a tsohon tsarin nan shi ne jaki. Dattawa masu saurarenmu za su tuna. Da rani, tun da asuba, manoman karkarar Kano suke shigowa ta ƙofofin gari da jakuna ɗauke da itace da kara da hatsi. In za su koma ba sa komawa haka. Mangala ake cikawa da sharar birni: toka, kashin awaki da na tumaki, dussa, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida. A kai gona a zuba tsibi-tsibi, a bar wa gara da buzuzu da sauran 'yan'uwansu, kafin damina su gama narkar da shi. Birni ya ci daga gona, gona ta ci daga birni. Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, kuma abin da ya ja hankalin masana a duniya shi ne yadda ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin yana cikin mangalar nan, da dabbobin gida, da itatuwan da manomi ke bari a gonarsa, irin su ɗorawa da gawo da kuka.

Yanzu lissafi ya sauya. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka yi birnin Kano, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, suna da mutum wajen miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Duk wanda ya haura shekara 50 ya san lokacin da Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Na'ibawa da Mariri suke da gonakin dawa. Mutane suna bukatar muhalli, wannan ba laifi ba ne, ba wanda zai ce magidanci ya kwana a titi don tana ta ji daɗi. Maganar ita ce yadda muke yin ginin.

Mu bi gona guda mu ga yadda take zama unguwa. Magada sun sayar, dillali ya zo da igiya, an yi awon igiya, an yanka fuloti-fuloti, ko filin makaranta ba a bari ba balle na bishiya. Abu na farko, a sare ɗorawa da tsamiyar da ke ciki. Inuwa ta tafi, ganyen da ke zuba ya ƙare, abincin ƙwarin ƙasa ya yanke ke nan. Na biyu, a kankare ƙasar sama, baƙar nan mai taki, ko a cike rami da ita, ko a binne ta a ƙarƙashin burji. A cikin wannan ƙasar ta sama, wadda zurfinta bai fi tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu ba, mafi yawan halittun suke. Sai tifa ta shigo da yashi da dutse, ta bi ta kan wurin sau goma, sau ashirin. Nauyinta ya matse ƙofofin nan da muka ce su ne rabin ƙasa. Sai a haƙa harsashi, a kwarara maganin gara, wani ma ya ƙara da baƙin mai. An gama gini, ɓaraguzan bulo da ragowar siminti a tura su gefe a baje. Daga ƙarshe mai gida ya ce ba ya son ganin ƙasa ko kaɗan, a malale tsakar gida da kankare tun daga bakin ɗaki har ƙofar gida, har ma ya ci wani abu daga layi.

A ƙarƙashin wannan kankare babu iska, babu ruwa, babu ganye. Abin da ke ciki ya mutu, kuma ba mai maye gurbinsa. Ruwan da ya sauka a kan kwanon gidan da tsakar gidan, wanda a da gonar ke shanye mafi yawansa, yanzu duk waje ake tura shi. Gida ɗaya ba komai ba ne. Gida dubu fa? Ga kududdufan da ke karɓar rarar an cike su da shara an yi gini a kai. Na san kududdufi yana da nasa sharrin, yana tara sauro, ya sha cin yara. Amma da aka cike shi, ba a tanadi wani wurin da ruwan zai je ba.

Ga wani abin kuma. Mafi yawan ƙasar Kano a kan dutse take zaune. Ruwan da rijiya da burtsatse ke ja, ruwan sama ne da ya nutse ya taru a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke cikinsa. Muna toshe hanyar shigarsa ta sama, muna ƙara yawan bututun da ke zuƙe shi ta ƙasa. In rijiyar gidanku ta ƙafe tun watan Maris, kada a ɗora wa rani laifin duka.

(Kiɗa)

Masu saurare, ko ƙasar da ta tsira daga siminti a cikin birni, ba ita ce ta da ba. Zafi ya ƙaru. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, taɓa kwalta da rana tsaka, sannan ka tura yatsa cikin ƙasar da ke ƙarƙashin ganye a gindin mangwaro. Kwalta da kankare suna shan zafi da rana su yi ta amayar da shi da dare, ƙasar da ke gefensu ta bushe da wuri. Halittar da ke numfashi da fata ba ta da zama a nan.

Ɗanɗanon ƙasar ma ya sauya. Siminti da farar ƙasa da toka mai yawa suna sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa. In ta yi haka, wasu sinadaran da shuka ke bukata, irin su ƙarfe, suna nan a ciki amma saiwa ba ta iya jan su. Shi ya sa za ka dasa lemo a gefen sabon gini, kana ba shi ruwa safe da yamma, ganyen ya yi ta ɗorawa-ɗorawa ya ƙi girma. Ruwan wanki da na wanka da ake kwararawa wuri guda shekara da shekaru shi ma yana tara gishiri.

Sai leda. Sharar da manomi ke saye a yau, ba a mangala take zuwa ba, a tifa take zuwa, kuma ba irin ta da ba ce. Ka tsaya kusa da tsibin da aka juye a gona a bayan gari. Akwai toka da kashin dabbobi, ba shakka. Amma ga baƙar leda, ga ledar fiyawata, ga fasasshiyar kwalba, ga tsohon batir ya fashe yana fitar da baƙin gari, ga allurar asibiti. Manomi da 'ya'yansa su tsuguna suna tsincewa da hannu, abin da ya fi ƙarfinsu su cinna masa wuta. Ledar da ta saura garma ta binne ta. Gara ba ta cin leda. Tana nan shekara da shekaru tana tare saiwa, tana tare ruwa, rana da garma suna marmasa ta ta gauraye da ƙasa yadda ba mai iya raba su.

Mafi tsanani shi ne abin da ido ba ya gani. Rafin Jakara yana ɗauke da ruwan kwatocin birni. Rafin Getsi yana biyowa ta yankin masana'antu na Bompai. Kogin Chalawa yana karɓar abin da ke fitowa daga Sharaɗa da yankin masana'antun Chalawa, inda manyan majemu suke, su kuwa suna jima da wani sinadari mai suna kuromiyom. A bakin waɗannan ruwaye ake noman rani: latas, kabeji, alayyahu, karas, tumatir. Masu binciken jami'o'inmu sun sha auna ƙasa da ganyen waɗannan wurare, suna samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da dalma. Su waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Tana ta haɗiye su tare da ƙasa, kaza ta ci tana, ganye ya ja nasa ta saiwa. Ba sai an yi wa mutanen Arewa dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinariya ta fito. Ba manomin lambu nake zargi ba. Ruwan da ya samu da shi yake ban-ruwa, kuma shi ne farkon wanda ke tsoma ƙafa a ciki. Hakkin yana kan mai sakin ruwan ba tare da ya tace ba, da hukumar da aka ɗora wa sa ido.

(Kiɗa)

Wani zai ce, to ai Malam, ƙwari ba su ƙare a birni ba, ga su nan sun hana mu barci. Wannan ita ce maganar. Yawa daban, iri daban. Abin da masu bincike ke gani a birane da dama shi ne, masu bukata ta musamman su ke fara ɓacewa: mai son inuwa, mai son ruɓaɓɓen ganye, mai bukatar kashin shanu, mai tafiya a hankali. Waɗanda ke saura su ne masu cin komai, masu jure komai. Kyankyaso, kiyashi, ƙuda, sauro, ɓera. Kwaɗon da ke cin ƙwari ya tafi tare da kududdufinsa. Ita ma garar, mun rushe suri, mun share kara da ganye mun ƙone, irin da ya saura bai ga abin ci ba sai katakon rufinmu da ƙofar ɗakinmu. Mun kori masu yi mana aiki, mun zauna da masu cin mu.

Ku tambayi yaran birni na yanzu ko sun taɓa ganin ɗan jan ƙwaron nan mai laushin karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko, ko sun taɓa kama shinge a gindin fitila. Da yawansu sai dai labari.

Amma ba a rasa mafaka ba. Harabar tsofaffin makarantu, filayen Jami'ar Bayero, gidan zu, tsofaffin gidajen Nasarawa masu manyan itatuwa, maƙabartu, da ɗan abin da ya rage na badala, duk wuraren da aka daɗe ba a kankare ƙasarsu ba, har yanzu da rai a cikinsu. Matsalar ita ce sun zama tsibirai. Tsuntsu zai tashi daga wannan ya sauka a wancan, amma tana ba ta tsallaka kwalta. In ta ƙare a wuri, ta ƙare ke nan, sai in an kawo ta cikin taki ko ƙasar dashe. Saboda haka duk filin makarantar da aka yanka aka yi shaguna, asarar ta wuce ta wurin wasan yara.

Malaman makaranta da ke saurarenmu, ga gwajin da za ku yi da ɗalibai, ba ya bukatar ko kwabo. A samo gwangwanin tumatir babba guda 2, a cire musu gindi. A kafa ɗaya a gindin bishiya inda ganye ke taruwa ba a sharewa, ɗayan a kafa shi a tsakiyar filin da ake takawa kullum. A zuba ruwa kofi ɗaya a kowanne, a duba agogo. Bayan nan a sa shebur a ɗebo ƙasa daga kowane wuri, a baje a kan farin buhu, yara su ƙirga abin da ke motsi, su kuma shinshina. Ƙasa mai rai tana da ƙamshi, irin na ruwan farko. Gani ya kori ji.

(Kiɗa)

To mene ne abin yi? Ni dai a ganina babban gyara yana hannun mai gida, tun ranar da ya tsaya da birkila suna shawarar tsakar gida. Alhaji, na san dalilinka. Ba ka son caɓi, ba ka son ƙura, kana tsoron kunama saboda yara. To a yi daɓe a inda ake takawa, amma a bar wani yanki, ko da faɗin tabarma biyu ne, a dasa bishiya a ciki, a juya bakin indararo ya riƙa zuba a nan. In intalok za a sa, a jera shi a kan yashi, kada a malala kankare a ƙarƙashinsa, ruwa zai bi ta tsakanin. Kafin a fara haƙa harsashi kuma, a kwashe baƙar ƙasar sama a tara ta gefe guda, in an gama gini a mayar da ita inda za a yi shuka. Mutane suna binne ta kyauta, daga baya su sayi wata a tifa. Maganin gara a tsaya da shi a harsashi da jikin katako, ba sai an yi wa fili duka wanka da shi ba.

Iyayenmu mata, ku ke riƙe da tsintsiya, kuma tsafta ba abin da ya kai ta. Roƙon da nake yi shi ne a bar ƙona ganye. A haƙa ɗan rami a nesa da jikin gini, ganyen da aka share, ɓawon doya da na albasa, kashin awaki da na kaji, a riƙa zubawa a ciki ana yayyafa ruwa ana rufawa da ƙasa. Cikin 'yan watanni zai zama baƙin taki, zogale da yakuwar gidan su ci. Leda da batir da kwalba kuwa a ware musu buhunsu daban tun daga ɗaki, domin in sun haɗu da sauran shara, gonar da ke ciyar da mu za su je.

'Yan'uwa makanikai da masu gyaran janareta, baƙin mai a tara shi a jarka, akwai masu saye. Wanda aka tsiyayar a ƙasa, shekaru za a yi ko ciyawa ba ta fita a wurin ba.

Hukumomin tsara birane da masu unguwanni da dagatai, ku ake kawo wa takardar ciniki ku sa hannu. Duk gonar da za a yanka, a tilasta barin fili da manyan itatuwan da ke ciki. Fadama da hanyar ruwa da kududdufan da suka rage, a hana cike su. Masana'antar da ke sakin ruwa kuma a je a auna abin da take saki, a faɗa wa jama'a sakamakon.

Ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ƙasa ta Duniya. Shugabannin makarantu, ku sa ta a kalandarku, ku fito da yara da shebur da gwangwani. Mai shirin zuba kankare a wannan mako kuma, don Allah ka sake zama da birkilanka kafin a kwaɓa siminti.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)